Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministar Yawon Buɗe Ido: Kafin Wata Annoba Ta Sake Rufe Ƙofofi

Zuwa ga mai girma Ministar Fasaha, Al'adu, Yawon Buɗe Ido da Tattalin Arzikin Ƙirƙira, Barista Hannatu Musa Musawa.

Ranki ya daɗe, na rubuto miki ne a kan maganar da mutane da dama suke ganin ta riga ta wuce. Tun ranar 5 ga Mayun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire korona daga matakin gaggawa, kowa ya ajiye takunkumi, aka kwashe bokitan wanke hannu daga ƙofofin otal-otal. Amma masu cin abinci da zuwan baƙi ba su gama farfaɗowa ba. Akwai waɗanda har yau suke biyan bashin da suka ci a 2020, akwai kuma waɗanda suka bar sana'ar ba su sake waiwayarta ba. Tun watan Oktoban 2024 da aka haɗe ma'aikatar yawon buɗe ido da taki, amanar waɗannan bayin Allah ta dawo wuyanki. Shi ya sa nake so in tambaye ki: in gobe aka wayi gari da wata annobar, aka sake rufe filayen jirgi da hanyoyi, su wa gwamnati za ta agaza wa, kuma a wace takarda sunayensu suke?

Bari in tuna miki yadda abin ya faɗo mana. Ranar 27 ga Fabrairun 2020 aka tabbatar da mutum na farko mai ɗauke da cutar a Nijeriya, wani ɗan Italiya a Legas, kuma a wannan ranar ce Saudiyya ta dakatar da shigar masu Umara daga ƙasashen waje. Duk da haka a tsakiyar Maris an yi bikin kamun kifi na Argungu, bayan kusan shekara goma ba a yi shi ba. Shugaba Buhari ya halarta, masunta suka afka kogin Matan Fada da homa da gora, mutanen Kebbi suka yi murna cewa bikinsu ya dawo. Mako guda bayan an tashi, ranar 21 ga Maris, aka hana jiragen ƙasashen waje sauka a Kano da Inugu da Fatakwal, bayan kwana biyu Legas da Abuja suka bi sahu. Kano ta shiga kulle a tsakiyar Afrilu, azumi ya kama mutane a cikin gidajensu, a daidai makonnin da ake ta kai dattawa maƙabarta. Ba mu kaɗai ba ne. A duniya baki ɗaya, masu tsallaka iyaka don ziyara sun ragu da fiye da kashi 70 cikin 100 a wannan shekarar, daga wajen biliyan ɗaya da rabi zuwa kimanin miliyan 400. Sai dai irin yadda kowace ƙasa ta riƙe mutanenta ya bambanta, kuma a nan ne nake da ƙorafi.

Idan aka ce harkar yawon buɗe ido a ofisoshin Abuja, abin da ke zuwa zuciya shi ne manyan otal-otal da kamfanonin jiragen sama. A Arewa, ke ma kin sani, ginshiƙin harkar ba can yake ba. Ɗauki hawan Sallah. A 2020 ba a yi hawa a Kano ba, ƙaramar Sallah da babba, haka kuma a sauran manyan masarautu aka jingine. Wanda yake kallo daga rumfar baƙi yana ganin sarki da hakimai ne kawai, amma bayan kowane doki akwai gidaje da yawa da suke jiran wannan mako. Akwai badukun da tun watan Sha'aban yake cin bashin fata da zare don ya haɗa kayan doki, da mai ɗinkin jalala, da maƙerin linzami da likkafa, da mai naɗa rawani, da mai algaita, da mai hoto, da direban da zai ɗauko baƙi daga filin jirgi ya kai su hawan Daushe da hawan Nassarawa. Waɗannan duk sun yi shiri, kayan suka zauna a ɗaki.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne mai dawakin haya, wanda samari ke karɓa a wurinsa don hawan Sallah da hawan angwanci da kilisa. Mai shago in ya rufe ya tafi gida, kayansa suna nan yadda ya bar su. Shi kuwa mai doki kullum ta Allah sai ya nemo harawa da dusa da gero, ya ba da kanwa, ya biya yaron da ke share barga, ko an hau ko ba a hau ba. A kwanakin kulle kasuwar harawa ma ba ta ci sai ranar da aka sassauta doka. Na ga dawakin da aka saba gani suna sheƙi sun rame har ana ƙirga haƙarƙarinsu, mai su yana raba abin da ya samo tsakanin barga da tukunyar gidansa. Da yawa sun sayar da dabbobinsu a farashin da bai kai rabin abin da suka kashe ba, domin mai saye ma ya san babu hawa.

Haka abin yake a marinar Ƙofar Mata, wadda allon ƙofarta ya nuna tun 1498 take. Ramin rini ba a haɗa shi yau a tsoma zane gobe. Ana zuba ruwa da toka da baba da katsi, a yi ta motsawa har ya nuna, kuma in ya nuna yana da iyakar lokacin da zai yi aiki. In babu kayan da za a rina, ko aka hana marini fitowa ya kula da shi, ramin ya mutu, kuɗin da aka zuba sun tafi. Tun kafin annoba ramukan da ke aiki kaɗan ne cikin waɗanda ke filin, kuma wani babban kaso na cinikin daga baƙi yake zuwa, waɗanda ke tsayawa su kalli yadda ake tsomawa da matsewa, su leƙa wurin mabuga, su sayi zane ɗaya ko biyu. Matan da suke ƙulla zanen a cikin gida kafin a kawo shi rini ba wanda yake ganinsu, amma su ma da wannan cinikin suke cefane. Daga can baƙon yakan wuce kasuwar Kurmi wurin dukawa da masu kayan tagulla, ya hau Dala, ya shiga Gidan Makama. A Katsina ya je hasumiyar Gobarau, a Daura ya sha ruwan Kusugu. A kowane wuri akwai wani yaro ko dattijo da ke raka shi yana ba shi tarihi, ya samu na abinci. Ba albashi gare shi ba, ba katin shaida, ba ƙungiya.

Ƙananan otal-otal da gidajen saukar baƙi sun yi ta dabara iyakar iyawarsu, kuma ya kamata ma'aikatarki ta tattara waɗannan dabarun tun masu su ba su manta ba. Wani manajan ƙaramin otal da na sani a Kano ya rufe benen sama gaba ɗaya, ya kashe firiji-firijin ɗakuna, ya mayar da janareta na 'yan sa'o'i da daddare. Ya tara ma'aikatansa ya ce musu ba zai kori kowa ba, amma za a riƙa zuwa aiki karɓa-karɓa a kan rabin albashi, kuma duk wanda ya zo zai ci abinci a kicin ya tafi wa iyalinsa da ragowar. Kukun otal ɗin ya koma dafa abincin da ake aika wa mutane gida a babur. Da aka sassauta, sai ya riƙa ba da ɗakuna haya ta wata-wata ga ma'aikatan da aiki ya kawo gari, a farashin da a da ba zai saurara ba. Abin da ya fi ƙona masa rai, in ji shi, shi ne takardun da ba su daina zuwa ba: kuɗin wuta na ƙiyasi a kan ɗakunan da babu kowa, harajin jiha, kuɗin allon talla, kuɗin shara, na ƙaramar hukuma. Gwamnati ce ta ce a rufe, kuma ma'aikatan gwamnati ne suke zuwa karɓar kuɗi kamar ana ciniki.

Su kuwa fatomai da masu masaukin fatake a Fagge da kewayen Kantin Kwari, tasu wahalar ta riga korona. Tun Agustan 2019 aka rufe iyakokin ƙasa, 'yan kasuwar Maraɗi da Damagaram da sauran baƙin ƙetare suka ragu, ba a buɗe Maigatari da Illela ba sai Disambar 2020. Waɗannan baƙin ba su zo kallon Dala ba, amma su ne ke cika ɗakuna, su ci abinci, su hau motar haya, kuma a lissafin duniya duk wanda ya bar garinsa ya kwana a wani don kasuwanci ko ibada yana cikin wannan harka.

Wannan ya kawo ni ga tafiyar da ta fi kowace girma a wurin mutanenmu, wato Hajji da Umara. Na san Hukumar Alhazai ta Ƙasa, NAHCON, ba a ƙarƙashinki take ba, amma masu kamfanonin jirgin yawo da masu sayar da tikiti 'yan harkar tafiye-tafiye ne, kuma babu wanda annoba ta daka kamarsu. Umarar azumi ita ce kakarsu. Kafin Fabrairun 2020 da yawansu sun riga sun karɓi kafin alƙalami daga hannun mutane, sun tura kuɗin otal a Makka da Madina, sun kama kujeru a jirage. Sai ƙofa ta rufe. Hajjin 2020 mazauna Saudiyya kaɗai suka yi, su ma 'yan ƙalilan, bayan a 2019 kusan mutum miliyan biyu da rabi suka tsaya Arfa. A 2021 aka bar wa mazauna ƙasar dubu 60. Sai a 2022 aka sake buɗe wa na waje, Nijeriya ta samu kujera 43,008 maimakon 95,000 da ta saba, aka kuma hana wanda ya haura shekara 65.

Ki duba halin da mai kamfani ya shiga. Kuɗin suna can a hannun otal ko kamfanin jirgi, ana ce masa ya jira ko ya karɓi takardar bashi ya yi amfani da ita wata rana. A nan gida kuwa tsohuwar da ta sayar da sa ko gona ta ba shi tana zaune a ofishinsa tana cewa, “Alhaji, ni dai kuɗina nake so.” Ita tana da gaskiya, shi ma ba cinyewa ya yi ba. Wasu sun sayar da filayensu da motocinsu sun biya don kare mutuncinsu, wasu an kai su wurin 'yan sanda, kuma babu shakka an samu marasa tsoron Allah da suka fake da annoba suka danne haƙƙin mutane. Duk wannan ya faru ne saboda babu wata ƙa'ida da aka rubuta tun farko da ta ce in annoba ta hana tafiya ga yadda za a yi da kuɗin da aka ajiye. A ɓangaren hukumomin alhazai na jihohi an ba maniyyata zaɓi, ko su karɓi kuɗinsu ko su bar su zuwa baɗi. Waɗanda suka bari sun tarar kujerar da take wajen naira miliyan ɗaya da rabi a 2019 ta koma wajen miliyan biyu da rabi a 2022, wasu kuma shekaru suka fitar da su daga layi.

Akwai kuma abin da har yau mutanen Kano ba su manta ba. An dawo da jiragen cikin gida a Yulin 2020, aka buɗe Legas da Abuja ga jiragen ƙetare ranar 5 ga Satumba, amma filin jirgin Malam Aminu Kano sai a Afrilun 2021. Wata bakwai cur matafiyin Arewa sai ya bi ta Abuja, kuma duk cinikin da ke rataye da wannan fili, daga masu tasi zuwa 'yan canjin Wapa da otal-otal ɗin da ke kewaye, ya koma wani gari. Dalilin da aka bayar shi ne rashin kayan gwaji da tsarin tantance matafiya. Wannan abu ne da ake iya tanadarsa tun ana zaune lafiya.

Ba zan ce gwamnati ba ta yi komai ba, domin ta yi. A Yunin 2020 an amince da shirin farfaɗo da tattalin arziki na naira tiriliyan 2.3 wanda kwamitin Mataimakin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya tsara. A cikinsa akwai asusun Survival Fund na naira biliyan 75, wanda ya biya wa wasu ƙananan kamfanoni, har da otal-otal, albashin ma'aikata na naira dubu 30 zuwa 50 na wata uku, ya kuma ware dubu 30 sau ɗaya ga masu sana'ar hannu da direbobi 333,000 a faɗin ƙasa. Babban Banki ya buɗe rancen naira biliyan 50 ta bankin NIRSAL. Kamfanonin jiragen sama sun samu biliyan 4. Ministan lokacin, Lai Mohammed, ya kafa kwamiti a ƙarƙashin ɗan wasan barkwanci Ali Baba don duba halin da masu fasaha da yawon buɗe ido suke ciki, daga baya aka kafa na aiwatarwa a ƙarƙashin Otunba Segun Runsewe.

Matsalar ita ce ƙofar da aka bi. Tallafin albashi yana buƙatar rajistar kamfani ta CAC da lambar BVN da jerin ma'aikata masu asusun banki, a cike a intanet. Tallafin masu sana'a ta hannun ƙungiyoyi masu rajista ya bi. Mai doki ba shi da ko ɗaya daga ciki. Mai rakiyar baƙi a Kurmi ba shi da su. Matar da ke ƙullin zane ba ta ma ji labari ba. Har a cikin otal ɗin da ya cika sharuɗɗan, mai wanki da mai shara da mai gadi galibi hannu da hannu ake biyansu, sunansu ba ya cikin kowane littafi. Ƙasar nan kuma ba ta da inshorar rashin aiki da mutum zai jingina da ita in aka sallame shi. Da haka agajin ya tafi wurin waɗanda suka iya cike takarda, ya tsallake waɗanda suka fi jin jiki. Ba na zargin kowa da mugunta a nan. Ko da jami'in da ya fi kowa gaskiya aka ba kuɗin ya raba wa masu hidimar baƙi a Arewa a watan Mayun 2020, ba shi da jerin sunayen da zai duba.

Afirka ta Kudu ta ware rand miliyan 200, ta ba ƙananan masu harkar 4,000 rand dubu 50 kowanne. Abin da ya fi jan hankalina shi ne wani ƙaramin asusu na rand miliyan 30 da ta buɗe don masu rakiyar baƙi da ke cin gashin kansu, rand 1,500 a wata har wata uku. Kuɗin ba su da yawa, an kuma yi ƙorafin jinkiri, amma an iya biya ne saboda doka ta riga ta wajabta wa kowane mai rakiya yin rajista a lardinsa. Maroko ta riƙa biyan ma'aikatan harkar dirhami 2,000 a wata ta asusun inshorar ma'aikata. Kenya ta ware shilin biliyan 2 na rance ga otal-otal, da biliyan 1 don ɗaukar masu gadin daji 5,500 daga ƙauyuka, domin ta gane cewa in baƙi suka daina zuwa, kuɗin tsaron namun daji ya yanke, mafarauta su samu sarari. Wannan darasi ne kai tsaye ga Yankari, inda wasu daga cikin ragowar giwayenmu suke.

Don haka, ranki ya daɗe, babban roƙona shi ne a rubuta mutanen nan tun yanzu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kuma kada a ce su zo Abuja ko su shiga intanet, a je inda suke. Sana'o'inmu suna da shugabanci tun kafin a kafa ma'aikatu. Sarkin Karofi ya san marinansa, Sarkin Dukawa ya san dukawa, Sarkin Ruwa a Argungu ya san masuntansa, masu dawaki suna da manyansu a kowace unguwa, mai unguwa ya san gidan da ake ƙulli. A haɗa su da hukumomin yawon buɗe ido na jihohi, a ɗauki suna da sana'a da lambar waya da lambar katin ɗan ƙasa, a taimaka wa wanda ba shi da asusu ya buɗe. Na san tun hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2013 lasisi da kula da otal-otal haƙƙin jihohi ne, don haka ba za ki iya yin wannan da umarni daga sama ba, sai da lallashin gwamnoni da kwamishinoni. Amma kina da cibiyar NIHOTOUR, wadda doka ta ba ta hurumin horarwa da rajistar ma'aikatan harkar, kuma tushenta a Bagauda yake a nan Kano. Sharaɗi ɗaya nake roƙo a kiyaye: rajistar ta zama kyauta, kuma a yi alkawari a bainar jama'a cewa ba za a miƙa ta ga masu karɓar haraji ba. Talaka ya saba duk lokacin da aka rubuta sunansa, rasit ne ke biyo baya. In ya ji ƙanshin haka zai ɓuya, aikin ya lalace.

Maganar kuɗin ajiya na masu Hajji da Umara ita ma tana buƙatar zama tsakaninki da Hukumar Alhazai da hukumar kula da sufurin jiragen sama da ƙungiyoyin masu harkar, irin su NANTA da AHUON da FTAN. A fito da ƙa'ida a rubuce, da Hausa da sauran harsuna, wadda za a karanta wa mai biya kafin ya miƙa kuɗinsa: in annoba ko dokar wata ƙasa ta hana tafiya, nawa za a mayar masa, cikin wane lokaci, me za a cire na hidimar da aka riga aka yi, kuma wa zai ɗauki asarar canjin kuɗi. A tilasta wa kamfani ya ware kuɗin matafiya a asusu dabam da na harkokinsa. A sa malamai a zaman, domin hukuncin amana da ijara da abin da ya fi ƙarfin mutum duk suna cikin fiƙihu, kuma mutanenmu sun fi natsuwa da abin da suka ji daga bakin malaminsu. Wannan zai kare tsohuwar da ta sayar da gonarta, ya kuma kare mai kamfanin kirki daga a haɗa shi da macuta.

Sauran abubuwan ba su da wuyar faɗa. Duk ranar da gwamnati ta ba da umarnin rufe wuri, harajin wannan wuri ya tsaya a ranar, ba sai an yi ta kai kuka ba. A ware wani kaso daga kuɗin shiga wuraren tarihi da harajin da jihohi ke karɓa a otal-otal a ajiye shi don ranar wuya, a sa wakilan masu sana'ar cikin masu sa hannu. A zauna da hukumar yaƙi da cututtuka ta NCDC a tsara matakai, yadda otal zai san a wane hali zai yi aiki da rubu'in ɗakunansa ko rabi, kamar yadda Masar ta yi daga Mayun 2020, maimakon zaɓi biyu kawai na a buɗe ko a garƙame.

Akwai kuma darasin da masu otal suka koya da kansu, wanda nake ganin ya kamata ya sauya inda ma'aikatarki ke zuba ƙarfinta. Da aka ɗage hana zirga-zirga tsakanin jihohi a farkon Yulin 2020, ba Turawa ne suka dawo da ciniki ba. 'Yan biki ne, da masu taron bita, da 'yan kasuwa, da iyalan da suka gaji da zaman gida. Ruwanda ta gane haka ta rage kuɗin kallon goggon biri daga dala 1,500 zuwa 200 ga 'yan ƙasarta, Kenya ta zaftare rabin kuɗin shiga gandun daji. Mu muna da jama'ar da ta fi ta waɗannan ƙasashe biyu a haɗe nesa ba kusa ba, amma yara nawa ne a Bauchi suka taɓa shiga ruwan Wikki da ke Yankari, ɗalibai nawa ne a Katsina aka kai su Kusugu? Baƙon gida shi ne ba ya buƙatar biza, kuma shi ne na farko da ke dawowa. Na san a nan za ki ce mini hanya ba tsaro, kuma gaskiya ne. Matsalar tsaro ta hana mutane tafiya fiye da yadda korona ta hana, har yau kuma ba ta kau ba. Wannan ya ƙara nuna cewa rajista da asusun da nake magana a kai ba na annoba kaɗai ba ne. Hawan Kano ya shiga kundin UNESCO a Disambar 2024, amma a 'yan shekarun nan an sha dakatar da shi saboda dalilan da ba na lafiya ba, kuma duk lokacin da aka dakatar, mutanen da na lissafa miki ne suke kwana da asara.

Kada wani ya ce miki irin wannan sau ɗaya ake gani a rayuwa. A 1996 sanƙarau ya kama sama da mutum dubu 100 a ƙasar nan, ya kashe fiye da dubu 11, Saudiyya ta hana alhazanmu zuwa Hajjin shekarar. A 2014 Ebola ta hana mutanen Gini da Laberiya da Saliyo sauke farali, Gambiya kuwa ko mutum ɗaya bai kamu a cikinta ba amma baƙi suka ƙaurace mata, domin mai nisa ba ya bambance ƙasa da ƙasa in ya ji an ce Afirka ta Yamma. A Disambar 2021, ana ganin an fara shaƙar iska, nau'in Omicron ya sa Ingila ta saka Nijeriya a jerin ƙasashen da ta hana shiga, Saudiyya ta dakatar da jiragenmu, masu Umara suka sake zama da jakunkuna a ɗaure. Daga baya mashaƙo ya addabi Kano da maƙwabtanta. Mutumin da yake da shekara arba'in a yau ya ga duk waɗannan da idonsa.

Ina roƙonki ki sa wannan magana a gaban taron da ke haɗa ki da kwamishinonin al'adu da yawon buɗe ido na jihohi, ki nemi jiha biyu ko uku su fara gwada rajistar kafin Sallah mai zuwa. Kano da Katsina da Kebbi sun dace, tunda suna da hawa da marina da bikin kamun kifi, kuma sarakunan sana'arsu suna nan da ransu. In kin zo zaman, a kira mai dawakin haya da marini da fatoma da mai kamfanin jirgin yawo su zauna a cikin zauren, a ba su dama su faɗi yadda suka yi a 2020 da bakinsu, da harshen da suka iya, a sa wani ya rubuta.

Allah ya yi miki jagora, ya kare mu daga annoba, ya jiƙan waɗanda muka rasa.

Wassalam.

Naki mai fatan alheri,
Wani marubuci daga birnin Kano